Ƙoƙon Giya a Hanyar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da ina so, domin matata ba ta bari. Duk shekara in kogi ya kawo, sai ta dube ni ta yi ɗan tari. Na san abin da tarin yake nufi.

Shekara biyu ne ko uku bayan Turawa sun miƙa mulki. Ina dako a tashar jirgin ƙasa ta Funtua, buhunan gyaɗa da na irin auduga. Na kusa arba'in, ba mata, ba ɗa, ba dangi. Bamaguje ne ni, daga wani ƙauye bayan Gozaki wanda yanzu ko kufansa ba a ganewa. Shekarar da fara ta cinye dawa mutanen gidanmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ni na rage. Na bi fatake ina ɗan shekara bakwai, ban sake kwana a gidan Maguzawa ba.

Abu biyu yunwar nan ta bar min. Ba na yawan magana. Kuma ba na barin saura a ƙwarya. Ko ruwa aka miƙo min sai na ga ƙasansa. Ba kwaɗayi ba ne, hannuna ne ba ya iya ajiye abin da ke da sauran abu a ciki.

Ladi bazawara ce, tana zaune wurin yayarta, tana sayar da daddawa a kasuwar Funtua. Mijinta na fari mashayi ne. Da tsakiyar damina ya buɗe rumbu ya kwashe dawa ya kai wa masu dafa giya, ita kuma ta ɗaure kayanta ta fito. Duk ranar kasuwa nakan sayi daddawa a wurinta. Ba ni da tukunya, ba ni da murhu. Wata shida ina saye ban ce mata komai ba. Ita ta gaji ta yi magana.

"Kai, miya nawa kake yi a mako?"

Na ce, "Ba na miya."

Ta dube ni ta ce, "To ka je ka ga babana."

Kwana uku kafin tafiyar ta yi gaba zuwa gida. Da za ta hau mota ta ce min, "Na gaya masa ba ka sha. Saboda haka kaɗai ya yarda ka zo. Na sha kunya sau ɗaya a gidan nan, kar ka ƙara min." Gaskiya ta gaya masa. A lokacin ban fara salla ba, amma ba na sha. Ɗan dakon da ya sha giya buhu ke karya masa wuya, na ga biyu da idona.

Uban Ladi shi ne Sarkin Noman wata unguwa a bakin kogi, gaba da Dayi. Ba a zuwa wurinsa kai tsaye. Mai neman aure sai ya bi ta gidajen ƙannensa biyu da na ƙanwarsa ya gaishe su, dukkansu a bakin ruwa suke, ɗaya ƙasa da ɗaya. Ƙarshen damina ne, fadama ta cinye hanyar ƙafa, saboda haka sai kwale-kwale. Ƙasar jar dawa ce, matan wurin kuma sun yi suna a dafa giya. Kowace tana ganin tata ta fi ta kowa.

Ɗan rakiyata Tanko ne, abokin dakona, Bamagujen Ƙarfi da ya tashi a gaban iyayensa ya san al'ada. Tun daga Funtua har Malumfashi yana bayani a bayan mota. (Shekara tara muna ɗaukar buhu tare da Tanko. Na koyi yadda ake rufe kunne ido a buɗe.) Da ya gama ya ce, "Ka ji ko?" Na ce, "Na ji."

Ga abin da ya faɗa, wanda sai daga baya na sani. A kowane gida za a kawo wa baƙo ƙoƙon giya. Kurɓa ɗaya ake yi, a ɗiga kaɗan a ƙasa don kakannin gidan, a miƙa wa ɗan rakiya sauran. Miƙawar nan ita ce izinin ɗan rakiya ya buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo ku. Kafin ƙoƙo ya zo hannunsa ba shi da magana. In kuwa baƙo ya shanye ya ajiye ƙoƙo wayam, ya ce ke nan gidan bai kashe masa ƙishi ba, dole a ƙara.

Da hantsi muka iso bakin kogi, wurin fito. Mai kwale-kwalen wani dattijo ne mutumin Dayi, Malam Audu. Ya duba kayanmu: bunsuru ɗaure, buhun gishiri, turmin atamfa, sabuwar garma. Ya dube ni cikin farar rigar aro da sabon wando. (Wandon ne sabo. Mazagin na tsohon wandona ne na zare na sa, don ban ga dalilin yar da shi ba. Ku riƙe wannan.)

Malam Audu ya ce, "A jirgina doka ɗaya ce. Ba a miƙewa."

Na ce to. Ban iya ruwa ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Tafiyar da daɗi. Ruwan ja ne, yana tafe a hankali. Dawa ta fid da kai a gaɓa biyu, ta fi mutum a kan doki tsawo. Nan da can hayaƙi na tashi daga bayan danga, iska na kawo warin tsiro da ake dafawa. Tanko yana shaƙa yana lumshe ido. Tun daren jiya bai ci abin kirki ba don ya bar wa giyar wuri.

Gidan farko na Baba Mati ne. Aka shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin tsamiya, na zauna gaba, Tanko a bayana. Matar gidan ta kawo tulu, ta cika ƙoƙo, ta durƙusa ta miƙo min. Na karɓa da hannu biyu. Na kafa kai. Na ajiye ƙoƙo wayam.

Baba Mati ya dubi matarsa, matar ta dubi tulu, ta sake cikawa. Tanko ya yi tari. Na ɗauka hayaƙi ne. Na shanye na biyu. Tanko ya mintsine ni a baya. A raina na ce ji wannan da kwaɗayi, a gidan mutane. Na shanye na uku, har da girgiza ƙoƙon don ɗigon ƙarshe.

Baba Mati ya ce, "Baƙon namu daga nesa yake."

Na ce, "Funtua."

Ya ce, "Ashe can ba ruwa."

Da matar ta ɗaga tulu karo na huɗu, Tanko ya miƙo hannu ta kan kafaɗata ya fizge ƙoƙon wayam, ya riƙe shi a ƙirji, ya fara gaisuwa da sauri kamar ana korarsa. Haka aka yi maganar auren a gidan farko, ɗan rakiya riƙe da busasshen ƙoƙo.

Sai da kwale-kwale ya bar gaɓa Tanko ya juyo.

"Me na gaya maka a mota?"

"Ka faɗi abubuwa da yawa."

Ya sake faɗa, a wannan karon da yatsa a hancina. Na ji sosai. Kunyar ta sauko min har ciki, ta tarar da giya ƙoƙo uku a kan cikin da ba komai. Malam Audu yana tura gwangwala bai dube mu ba ya ce, "Ni ban san al'adarku ba. Amma mutumin nan ya fita da ƙafafunsa, ya dawo da na aro."

Na ce gida na biyu zan gyara.

Ban san labari ya riga mu ba. Kogin zagaye yake yi, mata masu wanki kuwa kira suke wa juna daga gaɓa zuwa gaɓa. Da muka isa gidan Baba Barau, matarsa Kande tana tsaye bakin danga, hannu a ƙugu, tulu biyu a gabanta.

Na yi komai daidai. Na kurɓa. Na ɗiga a ƙasa, ko da yake sai da na kau da kai, don ganin dawa a ƙasa ciwo yake min. Na juya zan miƙa wa Tanko, shi kuma ya riga ya buɗe hannu biyu.

Kande ta ce, "Dakata, ɗan nan. A gidan Mati uku ka sha."

Ta nuna tulunanta.

"Tawa ruwan wanki ce?"

Baba Barau ya ce, "Kande, bar baƙo."

"Ba na bari. Gobe faccalata ta zagaye unguwa tana cewa mai neman Ladi ya sha tata uku, tawa ya kurɓa ya ture? Giyar da take tacewa da tsumman da ba ta wankewa?"

Tanko ya janye hannunsa a hankali. Ya matso kunnena, ko da yake bai da izinin magana, ya ce, "Sha. In ka rage ka raba gida biyu, kuma Barau zai gaya wa yayansa ka raina shi." Muryarsa kamar mai ta'aziyya.

Na sha uku. Kande ta ce uku ai kunnen doki ke nan, ta ƙara ɗaya don a san wadda ta fi. A nan bakina ya buɗe. Ni da nake yini ban yi magana goma ba, na zauna ina koya wa Baba Barau, manomi ɗan shekara sittin, yadda ake ɗaga buhu. Har na tashi na gwada masa da tulun Kande. Tanko ya sake yin gaisuwa da ƙoƙo wayam.

Gida na uku na Gwaggo Dela ne, ƙanwar Sarkin Noma, tsohuwa wadda mijinta ya rasu tun da daɗewa. Ita ce ta fi kowa iya giya a kogin nan, kowa ya sani, shi ya sa ba ta gardama. Ta ajiye tukunya ta zauna. Tata ba ta da zaƙi, kuma ba ta faɗa wa mutum tana zuwa. Abin da na tuna a gidan kaɗan ne. Na tuna na durƙusa na gai da turmin daka, na tambaye shi gajiya. Na tuna Tanko yana gaisuwa hawaye a idonsa. Na tuna ƙoƙo na huɗu ya tsaya a rabi, maƙogwarona ya ce ya rufe. Ba na iya sha, ba na iya ajiyewa. Aka yi aka yi in saki, na ƙi.

Gwaggo Dela ta ce, "Ku bar shi ya tafi da abinsa. In kun dawo ku kawo min ƙoƙona."

Haka na shiga jirgi rungume da rabin ƙoƙo. Tanko ya ce in ba shi ya taimake ni. Na ce ai a mota ya ce sai a gaban masu gida ake miƙawa. (Bai faɗi haka ba. Amma na ji daɗin nuna masa ina saurare.)

Da la'asar muka shawo kwanar ƙarshe. Gaɓar cike take da mutane, don labarin ƙoƙo goma da rabi ya iso tun azahar. Maza a ƙarƙashin wani ƙaton baure, mata a wurin wanki. Can gefe na hango Ladi. Ba ta dariya. Hannunta ɗaya a kan baki.

A raina na ce matar nan ta ɗauka na bugu. Bari in nuna mata lafiyata lau. Malam Audu ya ce, "Zauna." Na ji, amma na ɗauka da bunsuru yake. Na miƙe tsaye, na ɗaga ƙoƙo sama don in gai da jama'a.

Jirgin ya kife.

Ruwa ya rufe ni, na taso, na ji shi a wuya. Na san tawa ta ƙare. Na ɗaga ƙoƙon sama da hannu ɗaya kada ruwa ya shiga, na fara wasiyya da muryar da nake kiran layi a tasha.

"Tanko, ka gaya wa Ladi daddawar tana nan. Ban ci ko ɗaya ba. Tana cikin kwando a ƙarƙashin gadona, wata shida. Mai gidan haya ya ce in fitar da ita ko in fita, na ce sai dai in fita. Ka gaya mata don in ga hannunta nake saye. Ka mayar wa Ɗanjuma rigarsa da na aro."

Tanko yana tsaye kusa da ni, ruwan iya cinyarsa, yana riƙe da ƙahon bunsuru. Ban lura ba. Zaune nake a kan yashi.

Wata tsohuwa ta ajiye wankinta, ta tattare zane, ta ratso ruwa. Ta kama wuyan rigata ta ce, "Miƙe."

Na rungume ƙafafunta da hannun da ya rage, na ce, "Uwata, kin cece ni."

Ta ce, "Na ce miƙe, ɗan nan. Agwagwa ma tafiya take a nan."

Na miƙe. Mazagin nan da na ce ku riƙe, shi bai riƙe ba. Wando ya bi ruwa, na gan shi yana tafiya wajen Dayi a kumbure kamar yana da mai shi a ciki. Rigar aro gajera ce, kuma farar riga in ta jiƙe ba ta rufa wa kowa asiri. Matan wanki suka juya baya gaba ɗaya. Tsohuwar ta kwance zanen da ta yafa, ta ɗaura min a ƙugu da hannunta, ta ƙulle tam kamar yadda ake wa mai jego.

Tanko ya ce a hankali, "Ka san ko wace ce?"

Na ce a'a.

"Uwar Ladi ce."

A wurinmu suruki ba ya haɗa ido da surukarsa. Ba ya cin abinci a gabanta. In ya hango ta a hanya, ratsewa yake cikin gona. Ni na rungume ƙafarta, ta ga abin da ta gani, ga ni kuma cikin zanenta. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a ƙoƙo. Giyar tana nan, ko ɗigon kogi bai shiga ba. A gaban Sarkin Noma da ƙannen Ladi da duk unguwa, na kafa kai na shanye.

Gishiri kogi ya sha shi. Garma sai washegari aka lalubo ta. Da aka wuce da ni ta gaban Ladi, magana ɗaya ta yi. "Ka gama da ni." Wannan ta fi ruwan sanyi.

Da safe aka kira ni. Ina cikin wandon Malam Audu na canji, kaina kamar an ɗora masa buhu biyu. Sarkin Noma yana zaune kan kujerar icce, ɗan siririn tsoho mai farin gemu. Ladi tana durƙushe can nesa, ta ba ni baya. Na riga na shirya: zai ce in tafi, in tafi.

Bai ce ba. Ya sa aka ajiye ƙoƙo biyu a gabana, ɗaya giya, ɗaya kunun tsamiya. Ya ce, "Karya."

Da na ji warin giyar, na ture ta da bayan hannu. Na ɗauki kunu na shanye, na suɗe ƙoƙon da yatsa. Ya yi nuni aka ƙara. Cikina ba ya so, amma na shanye, na suɗe. Aka ɗaga tukunya za a ƙara na uku, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wace shekara ka rasa mutanenka?"

Na ce, "Shekarar fara."

"Su nawa?"

"Takwas."

Ya ce, "Ni biyu na binne, yayyen Ladi." Ya juya wajenta. "Ladi, mashayi na san shi, kin kawo min ɗaya. Da safe giya yake nema, kuma ba ya suɗe ƙoƙon kunu. Wannan ba giya yake so ba. Ko ruwan kanwa kika zuba masa sai ya ga ƙasa. Wawa ne dai, amma ba zai buɗe miki rumbu ba."

Ban taɓa jin daɗin an ce min wawa ba sai ranar.

Ya sa min sharaɗi uku. In zo da kaka in yanke masa dawa har a gama. In sake kawo gishiri, ta hanyar ƙasa. In wanke zanen Inna, uwar Ladi, in kai mata da hannuna. Biyun farko ba su dame ni ba. Na ukun, sai da na yi rabin yini a bayan danga kafin na shiga. Na durƙusa na miƙa, kaina a ƙasa. Ta karɓa ta duba ta ce, "Ya fi yi maka kyau."

Ladi ba ta sake yi min magana ba sai da za mu tafi. Ta zo bakin ruwa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Daddawar nan, ka kawo min abata. Ba a barin ta ƙarƙashin gado." Tanko kuwa, wanda ya yini a ƙasar giya bai ɗanɗana ko ɗigo ba, sai da ya yi wata guda ba ya ɗaga min buhu.

Shekara biyu bayan auren ni da Ladi muka fara salla, maganar giya ta wuce. Inna dai har ta rasu, in kogi ya kawo, sai ta aiko a gaya wa mijin Ladi ya duba mazaginsa.

Har yau ba na barin saura, ba zan yi ƙarya ba. Ladi ta san maganin abin: ƙoƙo mafi ƙanƙanta a gidan shi ne nawa. In kuma na je gidan da ban sani ba aka miƙo min abu, kafin in kai baki nakan tambaya, "Nan in an shanye, ƙarawa kuke yi?" Tanko ma in yana magana yanzu ina saurara. Ba duka ba. Rabi.